Mu da Zaman Kullen Korona

Mu Kanawa ba mu iya zaman ɗaka ba, kowa ya san haka. Magidanci a cikinmu in ya idar da sallar asuba ya kurɓi koko da ƙosai, to sai dare kuma. Wannan ya nufi Kantin Kwari, wancan Singa, wani Dawanau, wani ya ja adaidaita sahunsa. Da la'asar sakaliya a hallara a majalisa, bayan isha'i a zarce teburin mai shayi. Mata kuwa yau barka, gobe suna, jibi dubiya ko gaisuwar rashi. Shi ya sa da gwamnatin Ganduje ta ce daga daren Alhamis 16 ga Afrilun 2020 kowa ya zauna gida, kwana biyar da samun mai korona na farko a jihar, da yawanmu cewa muka yi, "Mako ɗaya ai kamar yau ne." Sai ga Shugaba Buhari ranar 27 ga watan ya ɗora mako biyu, aka yi ta ƙari, ba a sake mu gaba ɗaya ba sai farkon Yuli.

Kwanakin farko hutu muka ɗauke su. Daga baya ne abin ya fara cin mu, kuma ta barci ya shigo. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, a tsakiyar zafin bazara, ga ba fita. Sai muka mayar da dare rana: a kwanta bayan asuba, a farka azahar jiki duk a mace, da dare kuma ido biyu, waya a hannu. Me ake karantawa? Wannan ya turo a WhatsApp a sha citta da lemon tsami, wancan ya ce tafarnuwa da habbatus sauda, wani ya rantse cutar ma babu ita, a ƙarƙashinsa kuma sanarwar rasuwa.

Rasuwar nan ita ta fi girgiza mu. A 'yan makonnin nan Kano ta yi rashin dattawa bi da bi, malaman jami'a, 'yan kasuwa, tsofaffin ma'aikata, har Sarkin Rano Alhaji Tafida Abubakar Ila a farkon Mayu. A watan Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce binciken gwamnati ya ƙirga mamata 979, kuma ana ganin rabi ko fiye suna da nasaba da korona. Mu da muka saba in an yi rashi a cika ƙofar gida kwana uku, a zauna tabarma ɗaya da masu makoki, mata su shiga ciki su riƙe wadda aka bari, sai ga mu muna ta'aziyya ta waya. Iyayenmu sun ce zumunci a ƙafa yake, ƙafar kuwa an ɗaure ta. Mutum ya yi kukansa shi kaɗai, ya share hawayensa shi kaɗai.

Ga kuma batun tukunya. Akasarinmu hannu baka hannu ƙwarya muke, sai an fita ake samu. Da aka ɗan sassauta, aka ba mu Litinin da Alhamis daga goma na safe zuwa huɗu na yamma, mai kuɗi ya yi cefanen mako, marar shi ya fita neman bashi. Akwai magidanci a layinmu, tela ne, da ya mayar da soro ɗakinsa. Tun hantsi zai shimfiɗa buzu ya jingina da bango, carbi a hannu, rediyo a gefe ko kunna ta bai yi ba. Abin da yake gudu tambaya ɗaya ce: "Malam, yau me za a ɗora?" Watan da ya saba kwana a kan keke saboda ɗinkin sallah, ga shi ko ɗankwali ba a kawo masa ba. Mutum mai fara'a, amma a kwanakin nan yaro ya yi dariya da ƙarfi sai tsawa. Gidaje nawa aka yi haka? An rufe boko, an rufe islamiyya, mutum goma a ɗaki biyu, abin da bai kai ya kawo ba sai ya zama faɗa tsakanin miji da mata.

To amma ka tambaye mu, me za mu ce? "Lafiya lau, alhamdulillahi." An koya mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, sai mu haɗiye. In abin ya yi yawa ya fito ta jiki: kaina ke sarawa, ƙirjina ya yi nauyi, olsata ta tashi, jinina ya hau. A aika yaro kemis ya sayo maganin ciwon kai. Likitoci kuwa sun san wannan, ciwon damuwa ne da fargaba, kuma ba mu kaɗai ya taɓa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2022 cewa a shekarar farko ta annobar waɗannan cututtuka biyu sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jikin ɗan'adam da hasken safiya yake gane lokaci, da sa'ar cin abinci, da motsi. In waɗannan suka rikice barci ya gudu, in barci ya gudu ƙaramin tunani ya zama babba, haƙuri ya ƙare da wuri. Ashe tattakin nan zuwa masallaci sau biyar, da musabaha, da cinikin kasuwa, da musun ƙwallo a majalisa, su ke riƙe mana hankali ba mu lura ba.

Waɗanda suka fi samun sauƙi a cikinmu su ne waɗanda suka ƙi sakin tsarin wuninsu, kuma a nan iyayenmu mata suka fi mu. Wata dattijuwa da muke katanga ɗaya da ita ba ta taɓa fasa sharar safe ba. Ta share, ta yayyafa ruwa, ta ba kaji dawa, sannan ta taka turmi ta leƙo: "'Yar nan, kun tashi lafiya? Ya kwanan yaran? Jiya ban ji motsin tukunyarki ba." Kafin a amsa ta miƙo kwanon gero. Wasu magidanta suka zama limaman gidajensu, aka yi asham a tsakar gida, uba a gaba, iyali a baya. Aka saurari tafsiri a rediyo a tare. Wani a lokacin ya fara sanin inda ɗansa ya kai a hadda. Samari suka tono ramukan dara a ƙofar gida, 'yan mata suka koyi girki da saƙa, in an kawo wuta a haɗu a kalli Daɗin Kowa. Sallah ta zo ranar 24 ga Mayu babu hawa, aikin Hajjin shekarar ma maniyyatanmu ba su samu zuwa ba, amma gidan da ake ci tare, ake sallah tare, ake kwanciya a kan lokaci, ya fita da sauran ƙarfinsa.

Shi ma telan nan abin da ya fito da shi daga soro ba wani babban abu ba ne. Wani saurayi maƙwabcinsa ne ya tsaya daga nesa ya gaishe shi, ya amsa da lafiya lau kamar kullum. Yaron bai wuce ba, ya ce, "Baba, kana samun barci kuwa?" Ya yi shiru, can ya ce, "Wallahi ɗan nan, rabona da barcin kirki tun kafin azumi." Daga nan magana ta ɓalle. Washegari aka haɗa shi da masu neman a ɗinka musu takunkumin rufe hanci da baki, keke ya sake juyawa. Tambaya ta biyun nan ita muke yawan mantawa, gaisuwa ta farko kuwa kowa ya haddace amsarta.

Korona ta lafa, kasuwa ta koma, amma har yanzu kowane layi yana da wanda ke zaune a ɗaka shi kaɗai: dattijon da ya yi ritaya ƙafa ta ƙi, matar da ke takaba wata huɗu da kwana goma, mai jegon da aka watse aka bari bayan suna, matashin da ya gama karatu ba aiki yana kwana a kan waya. Mun ɗanɗani abin da suke ji, ba mu da uzurin cewa ba mu sani ba. Mu shiga mu zauna da su, mu tambayi barci, mu tambayi cin abinci, mu ja su zuwa jam'i da majalisa. In mutum ya yi makonni ba barci, ba ci, ba walwala, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a tsaya a "ka yi haƙuri". A yi masa addu'a, a kuma raka shi wurin likita. Asibitin Malam Aminu Kano yana da sashen masu wannan lalura, ga kuma asibitinsu na Dawanau. Wanda ya je can marar lafiya ne kamar mai hawan jini ko ciwon suga, kuma haƙƙinsa ne a kanmu mu kai shi, mu kuma rufa masa asiri.