Ƙwallon La'asar da Kayan Ƙwalama: Hirarmu a Manchester

Duk inda Hausawan Manchester suka haɗu, ko a ƙofar masallaci bayan Juma'a ko a wurin suna, hirar ba ta cika sauya hanya ba. Za a gaisa, a tambayi iyali, a taɓa zancen ruwan sama da kuɗin haya, sai wani ya jefo tambayar da kowa ke jira: "Wai wa zai je gida kwanan nan?" Kafin mai tafiyar ya rufe baki an fara yi masa lissafin saƙo. Wannan yana son yaji, wancan ƙuli-ƙuli, Hajiya tana son aya da daddawa. Daga nan sai wani ya dubi ɗan'uwansa ya ce, "Malam, ka yi jiki fa." A gida wannan yabo ne. A nan kuwa, da mai faɗa da wanda aka faɗa wa duk sun san akwai damuwa a ciki, don sau da yawa amsar da ke biyo baya ita ce, "Wallahi gwiwar nan ta fara damuna."

Ni dai a ganina zancen gwiwa da zancen ƙwalama zance ɗaya ne, mu ne muke raba su.

Ku tuna yadda muke a gida. Mafi yawanmu ba mu taɓa cewa "zan je motsa jiki" ba, amma jikin bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Masallaci sau biyar a ƙafa. Gaisuwar mutuwa a unguwar gaba, dubiya, ɗaurin aure, kewaya Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi har ƙafa ta yi tsami. Da an idar da la'asar samari sun cika fili, an ajiye duwatsu biyu a matsayin raga, wasu da takalmi wasu ba takalmi, ana bugawa har ladan ya kira magariba. Ba a rubuta suna, ba a biyan ko sisi, wanda ya makara ya tsaya a gefe har wani ya gaji. Masu himma kuma suna fita da asubar Asabar da Lahadi, 'yan Kano su bi titin BUK da gudu ko su hau Dala da Goron Dutse, 'yan Kaduna su nufi Dandalin Murtala. Iyayenmu mata ba sa buƙatar fili ma. Daka da surfe da sharar tsakar gida da wanki da tuƙin tuwon gidan mutum ashirin sun isa, ga barka da biki da ake takawa a je. Shi ya sa aka ce zumunta a ƙafa take.

To, a kan wannan hanyar ce ƙwalamar take zaune. Ka tashi daga ƙwallo gumi na zuba, ga mai rake da baronsa yana ferayewa, ga yarinya da bokitin awara da yaji a gefe. Ka tsaya wurin mai gurasa, ka ga ya yayyafa mata ruwa ta yi laushi, ya barbaɗa garin ƙuli-ƙuli har ya rufe ta, ya zuba man gyaɗa, ya yanka albasa da tumatir a kai, sannan ya tambaye ka, "Yajin ya isa ko a ƙara?" Ba kai kaɗai za ka ci ba, duk wanda ke tsaye kusa sai ya sa hannu. Da daddare kuma ga mai tsire a gaban tukubarsa, fitila na ci, yana juya tsinke, ya yanko maka ɗanɗano tun kafin ka ce na nawa. Ƙafarka ce ta kai ka wurin, ita ce kuma za ta mayar da kai gida, kuna tafe kuna musun Kano Pillars. Fita ɗaya ce ta haɗa maka tafiya da abin taɓawa da mutane.

Da muka zo nan sai abubuwan ukun suka watse, kowanne ya koma neman lokacinsa da kuɗinsa.

A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma. Azahar da la'asar da magariba duk suna cunkushe cikin 'yan sa'o'i, mutum ya fita aiki cikin duhu ya dawo cikin duhu, ga yayyafin Manchester da ba ya gajiya. Ƙwallo kuwa sai an kama fili tun da wuri, an biya kuɗin awa, an ƙirga kawuna a WhatsApp. Ranar wasan wannan ya ce an ba shi aikin dare a gidan kula da tsofaffi, wancan yana rumbun ajiyar kaya, ɗalibi yana da aikin makaranta da zai miƙa gobe. Mutum goma aka nema, shida suka samu, sai a ce a bari sai wani makon. Masallacin da za a taka a je ya koma sai an hau bas, don haka salla huɗu ko biyar ɗin a kan darduma a falo ake yin su.

Da yawanmu mun gwada gidan motsa jiki. Ana yin rajista da ƙarfin gwiwa, banki yana cire kuɗin duk wata, a je mako biyu ko uku, sai zuwan ya fara ja da baya. Ban yarda lalaci ne ba. Mutumin da ya saba gudu ana kiran sunansa ana yi masa tsiya, ka ɗora shi a kan na'ura yana kallon bango, na kusa da shi ya toshe kunne ba ko sannu, dole zuciyarsa ta ƙi wurin. Na mata ya fi wuya. Sai an nemi wurin da ke da sashen mata ko awar mata zalla, sannan a samu wanda za a bar wa yara, alhali babu kaka babu maƙwabciyar da za a leƙa a ce, "Maman Ummi, ga su nan ina zuwa." Waɗanda ke tsayuwar awa goma sha biyu a wurin aiki kuma sukan ce ai su sun gama nasu motsa jikin. Gajiya ce suke kwasowa, ba ta wartsake jiki, ba ta wanke zuciya.

Ƙwalama ita ma ta koma cikin jaka. Dokar Birtaniya ta hana matafiyi shigo da nama da madara da duk abin da aka yi da su daga ƙasashe irin Najeriya da Nijar. Kilishin Agadasawa, dambun nama, man shanu, cukun da 'yan'uwanmu na Nijar ke kewa, duk ba sa wucewa. Idan aka gani a filin jirgi za a ƙwace, ana iya cin mutum tara. Don Allah mu daina ɗora wa matafiyi wannan nauyin muna cewa "ka cusa a cikin zani ba za a gani ba." Shi zai tsaya gaban jami'ai, ba mai saƙon ba.

Abin da ya samu isowa cikin jakar nan mai kilo 23 kuwa, ranar buɗe ta ranar biki ce. Tun daga bakin ƙofa ƙanshin daddawa ya riga ya kama tufafin mai tafiyar. Ana fito da ledoji ɗaya bayan ɗaya, kowace an ɗaure ta tam an liƙa takarda da sunan mai ita, da rubutun wata ƙanwa ko wata gwaggo. Ga dakuwa ta ɗan narke a hanya, ga kantun riɗi ya kakkarye, ga alkaki da Inna ta sa aka yi musamman. Za ka ga babban mutum mai furfura ya ɗauki ƙuli-ƙuli guda ya gatsa, ya yi shiru yana taunawa. Sauran sai a zuba a kwalba a ɗora can saman kabad, ana ɗauka da lissafi don ya kai wata uku. Yaran da aka haifa a nan sukan juya shi a hannu su ce ya yi tauri, uwar ta ce, "Ɗanɗana mana, Kaka ce ta aiko maka."

Dole a yaba wa matanmu a nan, domin su ne suka ƙi yarda a zauna jiran jaka. Shagunan kayan Afirka na Moss Side da Cheetham Hill sun fi ƙarfi a garin rogo da manja da doya da agada, kayanmu na Arewa sai an yi bincike. Su suka gano cewa garin gero da tsamiya suna shagunan 'yan Indiya da Pakistan a Longsight, zoɓo yana wurin mutanen Karibiyan, awara kuma tana nan jibge a shagunan 'yan China, sai dai a yanka a soya a nemo yaji. Da tandar da aka ɗauko daga gida ake waina, fura ana dama ta da yogot, gurasa a gasa a oben. Har kilishi wasu suna yi. Tunda babu ranar da za ta busar da shi, sai a yanka naman fale-fale a bar shi a oben da wuta kaɗan na tsawon sa'o'i, a tsoma a kwaɓin tunkuza da kayan yaji, a sake mayarwa. Bai kai na gida ba, amma da babu gara ba daɗi, kuma duk wadda ta sanar a zauren WhatsApp cewa ta yi, kafin dare ya ƙare.

Matsalar tana ranakun da babu ƙwalamar gidan. Gurbin sai biskit da cakulan da soyayyen dankalin leda su cike shi, ko kaza da dankali da ake kawowa har ƙofa da taɓa waya. Ana ci a zaune, da tsakar dare, mutum shi kaɗai. Ba ina cewa ƙwalamar gida magani ba ce. Nakiya da tuwon madara da alawa duk sukari ne, kuma a Kanon ma yanzu a-daidaita-sahu ta rage wa mutane tafiya, ciwon sukari da hawan jini suna nan a gidajenmu. Amma can rabawa ake yi, kuma sai ka tashi ka je. Likitocin nan suna faɗa mana cewa baƙar fata ya fi Bature saurin kamuwa da ciwon sukari, haɗarin yana farawa tun daga shekara 25. Hukumar lafiya ta NHS tana ba babba shawarar motsa jiki na minti 150 a mako, da shan sinadarin bitamin D a watannin sanyi, masu duhun fata irinmu ma duk shekara, saboda ranar ƙasar nan ba ta isar mu. Da yawa daga ciwon jiki da kasalar da muke kuka da su a hunturu ya kamata a kai su gaban likita, a daina cewa sanyi ne kawai.

Akwai kuma abin da ke gabanmu ba mu ɗauka ba. Kowace Asabar da ƙarfe tara na safe ana taruwa a wuraren shaƙatawa a yi kilomita biyar kyauta, abin da suke kira parkrun, wanda aka fara a Landan a 2004. Ana yi a Heaton Park, ana yi a Platt Fields, filin da da yawanmu muke zuwa sallar Idi. Ba dole sai ka yi gudu ba, akwai tsofaffi masu takawa, akwai mata da keken jarirai, kuma babu mai kallon hijabin kowa. Rajista sau ɗaya ake yi a intanet. Abin da ya fi kama da filin unguwa ke nan a ƙasar nan, amma da wuya ka ji ana Hausa a wurin.

Saboda haka, jama'a, mu daina jiran bazara. Mai mota ya biya ya ɗauki Alhaji da Hajiya, matasa su zo da ƙwallo a buga bayan an gama, wata ta cika fulas da shayi mai citta da kanumfari. A sayi rigar ruwa da takalmi mai kyau, domin ruwan garin nan ba zai ɗauke don mu ba. Asabar ƙarfe tara saura kwata, a ƙofar Platt Fields ta titin Wilmslow. Wanda aikin dare ya hana, a kira shi a ji lafiyarsa, a sa shi a lissafin mako mai zuwa.