Gwaji Na 23

Jiya Alhamis abin ya faru, kuma har yanzu in waya ta yi ƙara kusa da ni sai cikina ya ɗuri ruwa.

Kamfaninmu na rarraba kayan masarufi ne a Kano, ma'aikata 46, kowa da Gmail ɗinsa yake aika takardar kuɗi. Alhaji, maigidanmu, ya ce a yi imel mai sunan kamfani. Aka sayo saba ta gwanjo mai ƙwaƙwalwa giga 64, na ɗora mata Proxmox, na yanka ta ɗaki-ɗaki kamar gidan haya. Ƙarfe ɗaya ne, amma a cikinsa kwamfutoci huɗu, kowacce tana ganin ita kaɗai ce a gidan, shi kuwa Proxmox yana raba musu wuta da ruwa. A ɗaki ɗaya na zaunar da Postfix, masinjan da ke karɓa da kai wasiƙa. A wani kuma Dovecot, mai riƙe da akwatin kowa. Na gyara MX, na sa SPF da DKIM, hatiman da in babu su Gmail kan jefa wasiƙarka kwandon shara tare da na 'yan damfara.

Daren Litinin katangar tsaro ta toshe hanya tsakanin ɗakunan nan biyu, ban sani ba. Shi kuma Postfix halin mai bin bashi gare shi: in ya kasa kai wasiƙa ba ya yar da ita, sai ya sa ta a layi, ya yi ta komawa har kwana biyar. Na yi ta aika gwaji zuwa adireshin "kowa", mai raba wasiƙa ga duk ma'aikata, tunda a lokacin babu wayar da aka haɗa. Da ƙarfe goma "Gwaji" kawai nake rubutawa. Wajen ƙarfe biyu, ga yunwa ga sauro, na fara faɗa wa na'ura abin da ke raina.

Kafin in fara gyara na ɗauki sinafshot, wato hoton yadda ɗakin Postfix yake a wannan daƙiƙa, don in an yi ɓarna a koma. Na sa masa suna "lafiya". Daga baya na share layin, na buɗe katanga, komai ya tafi daidai. Laraba na ɗauki wani hoton, na kira shi "lafiya2", sannan na bi wayoyi 46 ɗaya bayan ɗaya na haɗa su. Da hannuna.

To, jiya aka taru a ɗakin taro, akwatin Alhaji a kan majigi. Komai ya yi kyau, da na yi shiru da shi ke nan. Sai burga ta ɗebe ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, ko an lalata ta, a minti ɗaya zan mayar da ita yadda take." Na goge wani fayil a gabansu, na buɗe jerin hotuna, na danna "lafiya".

Na ga babu "2" ɗin. Wallahi na gani. Idona ya gani, ya aika wa yatsana saƙo, amma saƙon ya makale a layi. Na tuna ma na yi murmushi lokacin da nake danna "na amince". Masinja ya farka a daren Litinin da wasiƙu 31 a jakarsa, ya duba, ya ga hanyar da ta toshe yau a buɗe take.

Wayar Akanta ce ta fara. Sai ta Hajiya mai kula da ma'aikata. Sai ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka kamar kwaɗi bayan ruwan sama. A kan majigi suka jero: "Gwaji." "Gwaji 2." "Ka tafi mana don Allah." "Gwaji 17: me na yi maka?" Aka yi dariya, ni ma na taya su, hannuna yana rubuta umarnin share layi. Layin ya riga ya zama fanko. Imel kuwa in ya shiga akwati, ya shiga.

Alhaji ya laluba aljihu bai ji tabarau ba. Ya ce, "Akanta, karanta mini wancan mai tsawon."

Akanta mutum ne da ba ya tsallake ko kwabo. Ya gyara murya, ya karanta da waƙafi da aya: "Gwaji na 23. Alhaji ya sayi ƙarfen miliyoyi, amma shayin ofis babu madara tun azumi. Da maƙo saba ce, da tasa ba ta taɓa faɗuwa."

"Maimaita daga 'amma'," in ji Alhaji.

Ya maimaita. Ina tsaye, ina jin gumi yana bin bayana har cikin safa. Na kalli ƙofa, na kalli taga, hawa na biyu muke.

A nan Baba Direba, wanda ya shigo kawo makulli ya tsaya kallo, ya matso. Shekara talatin yana tuƙi, kuma a wurinsa duk abin da ke da fanka mota ne.

"Injiniya, ribas ka sa ta?"

"Kusan haka ne, Baba."

"To ai ba a sa ribas mota na tafiya. Ja hambirek."

Na ce ba ta da hambirek. Ya girgiza kai, alamar an cuci Alhaji a ciniki. Ya ce a cire kan batir a mayar. Ya ce a duba filogi, don irin wannan tari da take yi filogi ne. Da na ce masa kwamfutoci huɗu ne a ciki, sai ya tafa hannu: "Ashe lodi ya yi yawa! Huɗu a gidan gaba? Sauke biyu, ka ga in ba ta dawo hayyacinta ba." Ya tambayi yaushe rabon a yi mata juye. Duk wannan yana faɗa, wayarsa ƙaramar Nokia tana aljihu shiru, shi kaɗai ne a ɗakin bai san me ake ciki ba, kuma shi kaɗai ne ke ƙoƙarin cetona. Na so in rungume shi.

Ana haka na 31 ya bayyana a kan majigi. Akanta bai jira umarni ba: "In wannan ma bai tafi ba, gobe zan ce laifin intanet ne. Alhaji ba zai gane ba."

Alhaji ya miƙe ya gyara babbar riga. Ya ce, "Akanta, rubuta. Madara gwangwani biyu kullum. A cire a albashin Injiniya."

Yau da safe na shiga ɗakin saba, na tarar da rabin bulo a tokare da tayar kejin da take ciki. Baba na bakin ƙofa. Ya ce, "Waigi na sa mata, kada ta sake yin baya."