Kyanwar Lami da Ɗan'uwanta Tangaɗi

Ɓera ne ya ja mini. A ƙarshen 2024, sanyi ya fara shigowa, ina shekara ta biyu a karatun digirin digirgir a Lesta ta ƙasar Ingila, muna haya a wani tsohon gidan jan bulo da na tabbata ya girmi kakana. Wata asuba uwargida ta buɗe kabad za ta ɗebi shinkafa, sai ga ɗan ɓera ya harɗe a kan buhun kamar shi ya biya kuɗinta. Ihun da ta kurma har maƙwabta sai da suka kunna fitila. Kafin in sallame salla ta yanke hukunci: ko ɓera ya bar gidan, ko ita da 'yarmu su koma Zariya.

Da a Zariya ne ai magana ta ƙare. Can ba a neman mage, ita ke ɗirowa ta katanga, ta haihu a bayan buhunan masara, a riƙa jefa mata kan kifi, in ta gaji da ku ta koma maƙwabta ba sallama. A nan kuwa kowace mage da ubangidanta. Sai na tuna da Larry, muzurun nan na gidan Firayim Minista a Downing Street, wanda aka ɗauko a 2011 daga gidan kula da dabbobi na Battersea don ya yi maganin ɓeraye, har da sarautar Sarkin Kamun Ɓera. Firayim Minista shida ya gani, daga Cameron zuwa Starmer, yana nan daram. Na ce in dai gwamnati da kanta gidan marayun dabbobi take zuwa ɗaukar ma'aikaci, ni wane ne? Abin da ban bincika ba a lokacin shi ne, jaridun ƙasar sun daɗe suna yi wa Larry tsiya a kan barci a bakin aiki.

Na tafi wani gidan marayun maguna a bayan gari da kwali a hannu, a zatona zan nuna da yatsa a saka mini. Sai aka miƙo mini takardar cikewa. Gidanka ne ko haya? Mai gidan ya yarda, kuma ina shaida a rubuce? Awa nawa ake barin gidan ba kowa? Akwai babban titi kusa? In mage ta yi rashin lafiya, da me za ka biya? Ranar da na je neman auren uwargida, kawunnanta ba su yi mini rabin waɗannan tambayoyin ba. Da aka zo kan dalilin da ya sa nake son mage, na rubuta "ɓera". Matar da ke karɓar takardun ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon da ake yi wa wanda ya zo ɗaukar maraya don ya yi masa talla. Na karɓi biron na ƙara "da ƙauna".

Bayan kwana uku aka turo wata dattijuwa ta duba gida. Uwargida ta ɗauki abin kamar zuwan surukai. Ta share, ta goge, ta turara falo da turaren wutan da ta ɓoye tun daga Maiduguri. Dattijuwar tana sa ƙafa, na'urar gano hayaƙi ta fasa kuwwa. Ni a kan kujera ina fifita silin da sallaya, uwargida tana buɗe tagogi, baƙuwa tana tari tana bayanin cewa hayaƙi ba ya yi wa huhun mage daɗi. Na ce shi ke nan, mun faɗi. Ashe mun ci, wai don falonmu shimfiɗe yake da kafet kuma ba mu da matakala a ciki. Da ina da wayo, a nan zan tambayi abin da ya haɗa mage da rashin matakala.

Ranar ɗauka aka kai ni gaban wani keji. 'Yan kyanwa biyu, wata uku da haihuwa. Macen ƙafarta uku, ta baya ta dama an yanke bayan wani hatsari. Namijin kuwa da ya taso zai gaishe ni, sai ya yi dama, ya yi hagu, ya buɗe ƙafafu kamar mai tsallaka kwata, ya faɗi rigingine, ya tashi ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Na ce a'uzubillahi, farfaɗiya ce? Aka ce a'a. Uwarsa ce ta kamu da wata ƙwayar cutar maguna tana da cikinsa, sai ɓangaren ƙwaƙwalwa na ƙeya, mai daidaita tafiya, bai gama girma ba. Ba ya jin ciwo, abin ba ya ƙaruwa, ba a ɗauka, ba kuma ya warkewa. Haka zai yi ta tangaɗi har tsufa. Kuma ba a raba su, sun shaƙu.

Na buɗe baki zan ce ni mafarauci na zo nema, sai 'yarmu mai shekara biyar ta zura yatsa, ɗan tangaɗin ya auna yatsan da kai, ya kuskure, ya daki ƙarfen keji. Ta ce, "Abba, wannan nake so." Na zaro kati na biya fam 180. A lokacin fam ɗaya ta haura naira 2,000. Ku yi lissafin da kanku, ni na daina, don duk sanda na yi sai in ga raguna biyu suna wucewa ta gabana.

Da dare na kira Hajiya. Na san kuskure ne, amma jika ta riga ta fesa mata.

"Kai ɗan nan, mage ka saya? Da kuɗi?"

"Hajiya, ba saye ba ne. Kuɗin allurar rigakafi ne da fiɗiya, da wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa da ake sa musu a ƙarƙashin fatar wuya, mai ɗauke da lambar shaidarsu. Doka ce a nan tun watan Yunin bana, in ba a sa ba tarar har fam 500."

Ta yi shiru. "To, su ma magunan katin ɗan ƙasa gare su. Suna dai kama ɓera ko?"

"Ɗaya ƙafarta uku, ɗayan kuma ba ya iya tsayuwa sosai."

Na ji ta kira ƙanwata tana cewa a zo a ji, boko ya ƙarasa taɓa yaron nan. Daga baya ta sauko, ta tuna mini cewa Abu Huraira ma 'yar kyanwa ce ta ba shi sunan da duniya ta san shi da shi, ta ce in riƙe amana, amma kada in kuskura in faɗa wa kawuna nawa na biya.

Namijin muka sa masa Tangaɗi, don ba sunan da zai karɓe shi kamar wannan. Macen na ce Lami, saboda kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. A daren farko ta yi mini zane uku a bayan hannu.

A dare na biyu na yi abin da kowane Bahaushe zai yi wa baƙon mage: na zuba musu madara, kwano guda, da zuciya ɗaya. Ashe yawancin maguna, da zarar an yaye su, cikinsu ba ya narkar da sukarin da ke cikin madarar shanu. Ƙarfe biyun dare na gane haka. Mage mai gudawa masifa ce. Mage mai gudawa da ba ta iya tafiya a miƙe kuwa, sai wanda ya gani. Tangaɗi ya nufi kaskon bayan gidansu da kyakkyawar niyya, Allah ya sani, amma hanyar da ta kamata ta zama taku biyar sai da ta zaga da shi bayan kujera, ta bi da shi ta kan takalmina, ta sauke shi a kan babi na uku na kundina da na baza a ƙasa. Kafet ɗin da ya ci mana jarrabawa, wanda kuma kuɗin ajiyarmu na haya ke rataye a kansa, ban so in yi maganarsa.

Likitan dabbobi ya karɓi abin da ya karɓa, don asibitin kyauta na ƙasar nan bai san da mage ba. Ya ƙara mini karatu: ban da madara, ban da duk abin da aka sa wa albasa ko tafarnuwa, don suna lalata musu jini. Wato duk tukunyar uwargida ta haramta. Muka sayo kasko mai dogon baki da Tangaɗi zai jingina, da kwano mai nauyi wanda ba ya kifewa, saboda in zai ci abinci kansa rawa yake yi, yana sara kamar zakara a kan tsaba. Rabi a ciki, rabi a bango. Lami kuwa cikin mako biyu ta koyi hawa labule da ƙafa uku. Abu ɗaya ya gagare ta: in kunnenta na dama ya yi ƙaiƙayi, sai ka ga dungulmin yana motsi a banza. Sai ta zo ta tsaya a gabana ta karkata kai. Ni ne ƙafa ta huɗu.

Uwargida, wadda ta rantse ba za ta taɓa su ba, na dawo daga makaranta wata rana na same ta tana yi wa Tangaɗi tsarki da ruwan ɗumi tana ce masa "sannu ɗan albarka". Na yi gyaran murya. Ta ce, "Malam, in ba za ka miƙo tawul ba, ka matsa."

Saura ɓera. Wata rana da tsakar dare na fito shan ruwa, na kunna fitilar kicin. Ga shi nan a bakin kwanon Tangaɗi, ya yi ƙiba, yana tsintar abin da ya warwatse. Lami tana kan firji tana kallonsa kamar mai kallon talabijin. Tangaɗi ne ya yi ta maza. Ya lafe, ya kaɗa gindi, ya auna, ya daka tsalle, ya sauka cikin kwandon albasa, kamu uku daga inda ɓeran yake. Ɓera ko gudu bai yi ba. Ya ƙarasa lomarsa ya shige bayan injin wanki.

Washegari na sayo tarko na fam biyu a shagon kan kwana. Kafin azahar ya kama shi.

Yanzu wata goma sha huɗu ke nan. Karatu ya kusa ƙarewa, na fara tambayar yadda ake shiga da mage Najeriya a jirgi, da takardun lafiyar da ake nema. Hajiya ta ce in na sauka a Kano da guragun maguna a hannu, kada in ce ita ta haife ni sai mun shiga mota. In akwai mai kafet a falo, ba matakala, tsakanin Samaru da Tudun Wada, yana neman ɗan haya mai mata ɗaya, 'ya ɗaya da maguna biyu masu ƙafa bakwai, don Allah ya neme ni.