Gidanka Ne, To Kunnen Maƙwabci Fa?

Na san abin da za ku ce, amma ku bari in kai aya tukuna. A Amurka, mutum ya sayi gida da guminsa, da gareji a jikinsa, ya sayo injin sassaƙar ƙarfe ya girke a ciki. Burinsa ya riƙa ɗan taɓa aiki bayan ya taso daga ofis: wannan shaf ɗinsa ya cinye a gyara masa, wancan notinsa babu irinsa a kasuwa a fitar masa da sabo. Kafin ya karɓi dala ɗaya a hannun kowa, sai ya je ofishin tsara gari ya nemi izini. A garuruwa da yawa kuma, amsar da zai dawo da ita a'a ce.

To bismillah, ku yi dariyar. Ga Alhaji can ya riga ya tafa hannu: "Ashe 'yancin nasu na fatar baki ne! Gidana, kuɗina, injina, sannan wani mai ɗaure da nakatayal ya ce sai ya sa hannu?" Ranka ya daɗe, a yi dariya a hankali, akwai sauran magana, kuma wani ɓangarenta a cikin durowarka yake.

Abin ya samo asali. Birnin New York ne ya fara kafa cikakkiyar dokar raba gari shiyya-shiyya a 1916: nan gidajen kwana, nan kasuwanci. Sauran garuruwa suka bi sahu. Wani ƙaramin gari mai suna Euclid, a gefen Cleveland ta jihar Ohio, ya yi tasa a 1922, sai ta faɗa kan wani kamfanin dillancin filaye, Ambler, mai eka 68 da yake tanadi don sayar wa masana'antu. Kamfanin ya ce an karya masa darajar fili, ya garzaya kotu, magana ta kai har Kotun Ƙoli. A 1926 alƙalai shida cikin tara suka ba garin gaskiya. Wanda ya rubuta hukuncin, George Sutherland, ya ce sau da yawa abin da ke damun mutane abu ne mai kyau da aka ajiye inda bai dace ba, kamar alade a falo maimakon a garke. Na ga Malam ya ɓata rai. To a cire aladen a sa bunsuru, hukuncin bai canja ba.

Daga wannan hukunci ne mai gareji ya gaji wahalarsa. Unguwarsa an rubuta ta a taswira a matsayin ta kwana, sana'ar da zai yi a gida kuwa alfarma ce, kuma alfarmar da sharuɗɗa take zuwa. Kowane gari da nasa, amma kusan bakinsu ɗaya: kada sana'ar ta ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin gidan, kada ka ɗauki yaron shago daga waje, kada ka kafa allo, kada ka jibge kaya a tsakar gida, kada ƙara ko wari ko girgiza su tsallake iyakar filinka. Mai koyar da yara lissafi da mai ɗinki suna wucewa salin-alin. Mai ƙarfe kuwa, wasu garuruwan da sunansa suka ambace shi a jerin waɗanda aka hana, tare da mai walda da bakanike. Inda aka bar masa ƙofa, sai ya nemi izini na musamman, a sa ranar zama, a aika wa maƙwabta wasiƙa. A Kalifoniya duk mai gida da ke cikin ƙafa 300 daga filinka sai an sanar da shi. Ka tsaya a gaban kwamiti kana bayanin injinka, tsohuwar da ba ta taɓa amsa maka gaisuwa ba tana zaune a sahun gaba da takardarta a hannu.

"Ka gani ko? Hassada ce kawai aka ba ta ofis!" Haka ne wani lokaci, Hajiya, ban musa ba. Amma ki zo mu leƙa garejin. Injin Bridgeport, wanda kusan duk mai wannan sana'a a can yake mafarkin mallaka, nauyinsa ya kusa tan guda. Da babbar mota ake kawo shi, layin ya toshe kafin a sauke. Yawancin irinsa wuta mai layi uku suke ci, gidajen kwana kuwa ba a ja musu ita ba, sai an haɗa wata na'urar da za ta juya wutar, ita ma da nata gurnanin. Sassaƙar kanta ba ta cika ƙara ba: wuƙa na juyawa tana cin ƙarfe, ɓawon na murɗewa yana zubowa shuɗi-shuɗi saboda zafi. Masu tada unguwa su ne kwamfreso da giranda. Sannan ga ruwan sanyaya wuƙa, fari kamar madara, mai haɗe da mai, wanda idan ya kwana biyu a cikin injin sai ya yi ɗoyi, kuma ba a yarda a tuttular da shi a kwata ba. Ga ɓawon ƙarfe buhu-buhu, mai yanka ƙafa. Ga motar kawo sandunan ƙarfe da safe, ga kwastoma da yamma ya tare ƙofar wani. Wanda ke bayan katangar nan, yanzu ya dawo daga aikin dare a asibiti.

Na ji wani matashi daga baya yana cewa, "To da haka aka yi wa Harley-Davidson, da yanzu ina babur ɗin?" Madalla, yaro ya yi karatu. A 1903 a wata 'yar rumfar katako mai ƙafa 10 da 15, a bayan gidan su Davidson a Milwaukee, aka fara harhaɗa shi. Hewlett da Packard ma a garejin haya suka fara, a Palo Alto, da jarin dala 538 da tsohon injin huda ƙarfe, a 1939, har fentin kayansu a tandar girkin gidan suke gasa shi. Yau an kafa wa garejin allo a matsayin wurin tarihi. Wanda zai yi irin abin da suka yi a unguwanni da dama na ƙasar, takardar gargaɗi zai tarar a ƙofa. A nan kam ina tare da kai, kuma ga abin da ya fi ba ni dariya a dokar: idan mutumin nan don sha'awa yake sassaƙarsa, yana ƙera ƙaramin jirgin ƙasa na wasa har dare, babu mai tambayarsa izini. Ranar da ya sayar da noti ɗaya, ya zama masana'anta. Injin bai ƙara ƙara ba, kuɗi ne kawai suka shiga aljihu. Maƙwabcinsa kuwa ya tada injin yankan ciyawa mai fetur da sanyin safiyar Asabar, wanda ya fi na sassaƙar tsawa, doka ta ce lafiya lau. Dokar da ke duba sunan sana'a ta manta da auna cutarwa malalaciyar doka ce, ko a Ohio aka rubuta ta.

Kada dai ka yi saurin murna. Houston, babban birni a Texas, ba shi da irin wannan doka, sau uku mutanensa suna ƙin ta a ƙuri'a: 1948, 1962 da 1993. Sai ka ce can ne aljannar maƙera. Ina! A unguwanni da yawa sharaɗin yana cikin takardar sayen gidan, cewa na kwana ne kawai, kuma maƙwabta su maka ka a kotu a kansa. An kori ma'aikacin gwamnati ta ƙofa, maƙwabci ya shigo ta taga.

Yanzu Alhaji, buɗe durowar nan. Ɗauko takardar mallakar gidanka, wadda kake kira C of O kana shafa ta kamar sabon ango. Karanta inda aka rubuta abin da aka ba ka filin dominsa. Gidan kwana, ko ba haka ba? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, kai izinin zama aka ba ka na wasu shekaru, bisa sharuɗɗa. Shaguna huɗun da ka fasa a jikin katanga, ɗaya ka ba mai walda, a ƙa'ida sai ka nemi canjin amfani kafin ka sa diga, a Kano kuwa akwai hukumar tsara birni, KNUPDA, domin irin wannan. Bambancinka da Ba'amurken nan, shi ana zuwa a duba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kuma kai ne, ba wani ba, da mai injin niƙa ya kama shagon da ke manne da ɗakin uwargida, har wurin mai unguwa ka kai ƙara. Kai ne kake tsine wa mai walda duk daren da ya ɗora injinsa wutar layin ta koma kamar kyandir. A ranar ban ji ka ce "shagonsa ne, kuɗinsa ne" ba.

Malam ya gyara zama zai ce wannan duk tsarin Nasara ne. Gafarta Malam, wa ya ajiye marina a Ƙofar Mata? Wa ya sa wa unguwanni suna Maƙera da Dukawa da Soron Ɗinki? Unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa na baya-bayan nan ne, amma tara masu sana'a guda a wuri guda ya girme su nesa ba kusa ba. Kuma ka fi ni sanin ƙa'idar nan ta fiƙihu, cewa babu cuta babu cutarwa. A Tunis, a ƙarni na 14, an yi wani magini Bamalike, Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun maƙwabta, ya kuma rubuta littafi a kan hukunce-hukuncen gini: hayaƙi, wari, ƙara, tagar da ke leƙa gidan wani. Idan aka kawo ƙarar cewa dutsen niƙan da dabba ke juyawa yana girgiza bangon maƙwabci, ba a tsaya ana rantse-rantse ba. Takarda ake samu, a ɗaure kusurwoyinta huɗu da zare, a rataye ta a rufin da ke kan bangon, a zuba mata busassun ƙwayoyin iri, a ce wa mai niƙa ya kora dabbarsa. Idan ƙwayoyin suka motsa, akwai cuta, ya ɗauke kayansa. Idan suka zauna, mai ƙara ya koma gida ya yi haƙuri. Ba a tambayi sunan sana'ar ba, ba a tambayi ko yana karɓar kuɗi ba. Da kwamitin nan na Kalifoniya zai ari takardar da zaren, da mai garejin da injinsa ba ya damun kowa ya samu izininsa a zama ɗaya, tsohuwar sahun gaba kuma ta nemi wani abin yi.

Hajiya, na ga kina murmushi kina cewa ai ke ba ruwanki, ba ki da gareji ba ki da walda. Injin markaɗen da ke zaurenki fa, wanda ake tayarwa ana idar da sallar asuba? Maƙwabciyarki ta ce in gaya miki tana da zare, takardar ma ɗanta zai yago daga littafin makaranta. Gobe ƙarfe shida ya yi miki?