Talatu, Ba Zan Aiko da Man Haske Ba

Peckham, Landan
15 ga Nuwamba, 2025

Zuwa ga taubashiyata Talatu, sarauniyar kwalliyar Mararaban Rido da kewaye,

Ina fata kina lafiya, Kawu da Inna suna lafiya, shago kuma yana ta cika yana batsewa. Ni ma lafiya lau nake, sai sanyi da kewar gida. Yanzu a nan ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara rufawa, lokacin da ku kuke tsakiyar hira a bakin titin Kachia.

Bayan haka, saƙon muryarki ya iso. Na ɗora shinkafa, ta tafasa, ta nuna, na sauke, ke ba ki kai ga abin da ya kawo ki ba. Kin gaishe ni, kin gaida Sarki Charles, kin tambayi lafiyar dusar ƙanƙara, sannan can a ƙarshe kika rage murya kika ce in aiko miki da man haske "na asali, ɗan Landan", ke da amarenki na Disamba. To, 'yar Kawu, buɗe kunnuwanki da kyau: ba zan aiko ba. Ko za ki kai ƙarata gaban Mai Unguwa, ba zan aiko ba. Zauna ki ji dalili, sannan ki ji abin da na saka miki a jaka a madadinsa.

Da farko dai, babu wani man haske ɗan Landan. Sinadarin da ke cikin da yawa daga waɗannan mayuka, haidurokwinon, an hana sa shi a man shafawa a ƙasashen Turai tun 2001. Sai likita ya rubuta, ga mai wata lalura, na ɗan taƙaitaccen lokaci. Wanda ake sayarwa a ɓoye a ƙarƙashin kanta a wasu shagunan unguwarmu shigo da shi ake yi ta bayan fage, kuma jami'an ƙaramar hukuma suna shiga su kwashe, kotu ta ci mai shago tara. Kina so a nuna 'yar gwaggonki a jarida saboda kumatunki?

Na san abin ya zama ruwan dare a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna shafa man ƙara haske, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Ba don ƙeta suka yi ba. Wani man da sinadarin makuri a ciki, mai lalata ƙoda, mai iya isa ga jariri ta ciki ko ta nono. Wani kuma maganin ƙaiƙayi ne mai ƙarfi aka dama a ciki, yana sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, rauni ya ƙi warkewa, ɗinkin tiyata ya ƙi kamawa. Shi kuwa haidurokwinon, idan aka daɗe ana shafa shi a ranar Kaduna, baƙin tabo yake bari a kumatu wanda ba ya jin magani. Ƙarshenta dai abin da yaran unguwa ke tsokana da shi: fuska Fanta, ƙafa Koka-kola. Ke da Allah ya yi wa baƙi mai sheƙi, wanda tun muna yara ake tsayar da Inna a hanya a yaba, me ya yi zafi?

Bari ki sha dariya. Turawan nan kuɗi suke biya don su yi duhu. Akwai man da suke shafawa da dare su wayi gari sun yi ruwan ƙasa, wata har tafin hannunta ya rine, ta zo aiki tana ɓoye shi a aljihu. Akwai shagunan da mutum zai shiga ya kwanta a cikin wani akwati mai fitilu don fatarsa ta gasu, duk da cewa tun 2009 masana cutar daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa wannan akwati cikin abubuwan da ke jawo sankarar fata. Da za a haɗa ku da su a tashar Sabon Tasha ku yi musaya, da kowa ya koma gida da abin da yake so, babu mai kashe ko sisi.

A gidan kula da tsofaffi inda nake aiki, akwai wata dattijuwa da kullum sai ta riƙe hannuna ta tambayi abin da nake shafawa. Kin san mene ne? Man kaɗen da Inna ta ɗaure min a leda, wanda kika ce in bar shi a gida kada in kunyata dangi da ƙauri a cikin jirgi. Sanyin nan da hunturunmu 'yan uwan juna ne wajen busar da fata, ga hita a ɗaki tana tsotse sauran damshin, ga ruwan famfon Landan mai alli da sabulu ba ya son yin kumfa a ciki. Abin da ke riƙe fata shi ne a shafa mai da zarar an fito wanka, jiki da sauran laima, kafin ya bushe. Dunduniya kuwa a goge ta da dutse, a cika ta da basilin, a sa safa a kwana. Kuma basilin daga ɗanyen mai ake fitar da shi. Ke da kike maƙwabtaka da matatar man Kaduna tun kina goye, ai ba sai an gaya miki ba.

Man kaɗen nan da kike rainawa, na gan shi a wani kanti a cikin 'yar kwalba mai zanen zinariya, kuɗinsa ya haura fam 20. Ki buga lissafinsa da naira, amma ki zauna tukun. Kamfanin The Body Shop tun 1994 yake sayen man kaɗe daga hannun ƙungiyar matan Tungteiya a arewacin Gana, L'Occitane na Faransa kuma daga matan Burkina Faso. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan ƙwallon kaɗanya, amma ɗanye ake kwashe shi, wasu su tace su ci riba. Shi ya sa a Agustan bana gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon na wata shida, don a riƙa sarrafa shi a gida. Sabulun salo ma yana nan a titin Rye Lane na unguwarmu an naɗe shi da takarda mai ƙyalli, Turawa na saye suna godiya. Arziki na gindin bishiya a bayan gidanku, ke kina leƙen Landan.

Yanzu ga abin da ke cikin jaka. Na saka miki fawundeshan kala-kala, daga wankan tarwaɗa har zuwa baƙi wuluk. Da can mata irinmu wahalar samun kalarsu suke yi a nan, sai a 2017 mawaƙiya Rihanna ta fito da Fenty Beauty da kala 40 a tashi ɗaya, sauran kamfanoni suka bi sahu. A gida ma akwai House of Tara da Zaron da suka daɗe suna yin na fatarmu, don haka idan waɗannan suka ƙare ki nufi kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, kada ki sake cika min waya. Akwai soson kwalliya, burushi, hoda, jagira, jan baki, da man kariya daga rana mai lamba 50. Ki riƙa shafa shi kowace safiya. Baƙar fata ma rana na ƙona ta, kuma ranar ce ke ƙara wa tabon ƙuraje duhu. Rabin matan da ke zuwa neman haske a wurinki, tabo ne ya dame su, ba launinsu ba.

Tunda kaya za su zo, karatu ma zai zo, ko kina so ko ba kya so. Na ga hotunan bikin da kika yi wa kwalliya a Kujama. Talatu, ki ji tsoron Allah. Fuskar amarya daban, wuyanta daban, har na ji an ce uwar ango ta shiga ɗaki tana tambayar ina aka kai yarinyar da suka biya sadakinta. Ba a gwada fawundeshan a bayan hannu, ba a kuma gwada shi a ƙarƙashin farin ƙwan shagonki. Ki ja layi uku a gefen muƙamuƙi, ki fito da ita bakin ƙofa inda hasken rana yake. Wanda ya ɓace a fata, shi ne nata. Ki lura kuma, wata baƙinta da ja-ja a ƙasa, wata da rawaya-rawaya. Idan kika saɓa, fuska toka-toka za ta yi.

Kafin komai a wanke fuska, a shafa mai mara nauyi, a ba shi 'yan mintoci ya shiga. Inda akwai baƙin tabo ko duhun ƙasan ido, ki ɗiga ɗan abin gyara mai ruwan lemo, sannan fawundeshan ya hau kai. Ki jiƙa soso ki matse shi sosai, ki riƙa dannawa a hankali, ba gogewa ba. Kaɗan-kaɗan ake sawa, a ƙara inda ya nema. Hoda kuma goshi, hanci da haɓa kawai, wuraren da ke fitar da maiƙo. Idan kika labta da yawa, a zafin Maris da Afrilu kafin amarya ta kai Kasuwan Magani kwalliyar ta gangaro kan leshi. A ƙurar Disamba kuwa tsagewa za ta yi, don haka masu zuwa bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu ki ƙara musu mai, ki rage hoda. Farar hodar nan da kike so, ita ce ke sa fuska ta yi fari fat idan mai hoto ya haska fitila. Ki ɗauki hoto da filashin wayarki kafin amarya ta tashi daga kujera, ki ga gaskiya da idonki.

Sai gira. A hoton nan, ɗaya ta kama hanyar Kafanchan, ɗaya ta juya ta koma Kamazou, amarya ta wuni tana mamakin abin da ba ta gani ba. Ki taje girar sama, ki bi inda Allah ya shuka ta, ki cike gurbi da 'yan gajerun layuka, farkonta sama-sama, jelarta ta fi duhu. Leɓe kuma ki zagaye shi da jagira mai ruwan ƙasa, ki sa jan baki a tsakiya, ta haɗa leɓɓanta su gauraya. Gashin ido na kanti da gam ɗinsa na musamman ake manna shi. Gam ɗin gashin kai ba na ido ba ne, kada ya sake kusantar fatar idon 'yar mutane.

Nan kuma ba wasa nake ba. Ki wanke burushi da soso da sabulu duk mako, soson da ya taɓa fuskar wata kada ya taɓa ta wata sai an wanke. Ki fiƙe jagirar ido kafin ki sa wa kowace mace, don ta nan ciwon ido na afolo ke zaga unguwa. Maskara ta wuce wata uku da buɗewa, ki jefar. Baƙin lallen da ake haɗawa da dayis na rina gashi yana iya tayar da ƙuraje masu ruwa su bar tabo har abada. Jan lallenmu na ganye ya ishi kowace amarya. Kwallin dutse kuma ki raba shi da idon jarirai. A 2011 likitoci a Boston ta Amurka sun sami gubar dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya, da aka bi sawu sai ga shi kwallin da ake sa masa ne, fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Ita ce gubar da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010. Ki gaya wa Inna cikin ladabi, ki ce daga bakina ya fito, ni zan ɗauki faɗan. Kowace amarya kuma ki ja mata kunne ta wanke fuska kafin ta kwanta, ko da ƙarfe biyun dare aka tashi daga biki.

Abin da nake so ki gane, 'yar uwata, hannunki yana da kyau, matan Rido sun yarda da ke. Idan ke kika ce wa yarinya launinta ya yi, za ta yarda fiye da yadda za ta yarda da likita. Ki sa shagonki ya zama inda mace za ta shiga da kalarta, ta fita da kalarta, sai dai ta ƙara kyau. Ki haɗa musu dilka, kurkum da man kaɗe mai tsabta a 'yan robobi masu murfi, ki rubuta sunan shago a jiki, ki sa farashi mai mutunci. Za ki ci riba da halalinki, babu wadda za ta dawo bayan shekara biyu da ƙonannen kumatu tana kiran sunanki.

Kayan suna hannun wata 'yar Zonkwa da za ta zo gida hutun Kirsimeti, za ta kira ki idan ta sauka Kaduna. Su ne kuɗin shararki na bana da na baɗi, kada ki sake tayar min da zancen. Idan za ta dawo, ki ba ta man kaɗe mai yawa, busasshiyar cittar Kachia, kuka, daddawa da yajin Inna. Ban da kilishi, ban da man shanu: dokar nan ta hana shigo da nama da kayan madara a jaka, a filin jirgi za a ƙwace, kuma ba zan yafe miki ba idan kilishina ya ƙare a kwandon shara.

Ki gaida Kawu da Inna da kyau, ki ce ina neman albarkarsu. Ki gaida yaran shago, da mai shayin bakin titi da har yanzu nake bin sa canji. Amaryar farko da za ki yi wa kwalliya a Disamba, ki turo min hotonta tun daga goshi har wuya. Idan kala ta zo ɗaya, gira kuma ta kama hanya ɗaya, akwai jakar hannu mai kyau da na gani, taki ce.

Taki har kullum,
Asabe