Jinjina ga Sarkin Kwafi na Kasuwar Intanet

Allah ya ja zamanin Sarkin Kwafi, gwarzon da ya buɗe shago tsakanin isha'i da asuba, ya cika shi maƙil da kaya bai taka Kantin Kwari ba, bai leƙa Kurmi ba. Masu sana'a sun daɗe suna azabtar da kansu da tunani da gwaji da asara, sai ga shi ka zo ka nuna wa duniya cewa duk wannan ɓata lokaci ne, yatsa biyu da 'yar data sun wadatar. Wanda bai yaba maka ba, to bai san aikinka ba ne, don haka bari a zayyana shi filla-filla, jama'a su ji.

Ga wata baiwar Allah mai haɗa turaren wuta. Ta sayo hawi da sandal da kajiji da farce, ta wanke, ta shanya, ta jiƙa da madarar turare, ta tsaya kan wuta tana juyawa har idonta ya yi ja. Wani haɗin ya ƙone, wani ya yi hamami ta zubar, kafin ta dace da wanda ke kama tufafi. Da hantsi ta shimfiɗa farin ƙyalle a gindin taga, ta jera kwalabe, ta sa garwashi a kasko, ta yi ta ɗaukar hoto har ta samu wanda hayaƙin ya miƙe sambal. Da dare bayan yara sun yi barci ta zauna ta rubuta bayanin kowace kwalba: wanne ya dace da ɗakin amarya, wanne ake turara mayafi da shi, yadda ake ajiye shi kada ya sha iska. Ta biya mai gina shafi, tana kuma biyan kuɗin sunan shafin duk shekara.

Sai kai, ranka ya daɗe, ka iso da basirarka. Ka kwashe hotunan, ka datse gefen da sunanta yake, ka manna naka tambarin a kan tabon. Ka ɗauke bayanin kalma da kalma, kuma saboda tsananin riƙon amana har kuskuren rubutun da ta yi ka adana mata shi yadda yake. Tarihin yadda ta gaji sana'ar daga kakarta ma ya zama naka, kakar ta zama taka. Saƙonnin godiyar da masu saye suka aiko mata, su ma ka rungume su, domin ka san yabo ba ya son zaman wuri ɗaya. Sa'an nan ka rage farashi kaɗan don tausayin talaka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Madalla da wannan rabon aiki.

Dole kuma a yaba wa iliminka, domin duk wanda ya tunkare ka sai ya koma da wa'azi. In aka ce ka ɗauki hoton wance, sai ka ce, “Ai intanet ce, kowa ɗauka yake yi.” In aka matsa, ka ce, “Arziki na Allah ne, babu mai cin rabon wani.” In mai kayan ta yi magana da kanta, ka ce hassada ce ke cin ta, ka toshe ta. Gaskiya ne kasuwa ta kowa ce. A Kantin Kwari mutum goma na sayar da atamfa iri ɗaya a layi ɗaya, wanda ba shi da kalar da ake nema ya shiga shagon maƙwabcinsa ya ɗauko, a raba riba cikin mutunci. Su dai ba su kai wayewarka ba, shi ya sa har yau suke sallama kafin su taɓa kayan wani.

Masu saye ma suna godiya. Wata ta ga hoton, ta karanta bayanin, ta tura kuɗi don bikin ƙanwarta. Ɗan aike ya kawo ƙunshi, ta buɗe ta tarar da ɓawon itace da aka yayyafa wa turaren fesawa, ta zuba a wuta ɗaki ya turnuƙe da ƙauri. Ka koya mata darasin da ba za ta manta ba, daga ranar ta daina yarda da duk mai sayar da kaya a waya. Ta ɗauki hoton ta baza a zaurukan WhatsApp tana cewa a guji masu wannan kaya, kuma da yake hoton na baiwar Allah ne, ita ce aka yi ta kira ana zagi. Ka ci riba, ita ta biya da sunanta. Wa ya isa ya haɗa wannan lissafi in ba gwani ba?

Kuma ba daga sama ka faɗo ba, kana da magabata. Su ne suka riƙa buga finafinan Kannywood a faya-fayan bogi, na bayansu suka koma tura su a waya a kan kuɗi ƙalilan, har kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta durƙushe, masu shirya fim suka koma neman na cefane a YouTube. Su ne ke ɗaukar littafin marubuciya su watsa a zauruka kafin ta mayar da kuɗin bugu. Kowa ya ga inda suka kai waɗancan sana'o'i, kai kuma ka ɗauki tutar ka nufo ƙananan 'yan kasuwa da ita.

Babban abin jinjina shi ne jarumtakarka, domin ba kowa ke iya tsallake doka da shari'a a taki ɗaya ba. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988. A ƙarƙashinta, hoto ko rubutu ya zama mallakin mai shi tun daga lokacin da ya ƙirƙire shi, ko ya yi rajista ko bai yi ba. Kariyar hoto tana kaiwa shekara 50, ta rubutu kuwa har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. A ɓangaren addini, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambari da haƙƙin wallafa dukiya ce da shari'a ta kare, bai halatta a keta ta ba. Ko yaron makarantar allo ya ji labarin mai sayar da hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya ɗora busasshe a sama, da irin gargaɗin da Manzon Allah (SAW) ya yi masa a kan algus. Tallar kayanka da hoton kayan wani algus ne tsagwaronsa. Duk ka san wannan, amma ko gezau.

Kirari ya isa haka. Saura magana da masu kaya, waɗanda shirunsu ne ya naɗa wannan sarki. “Allah ya isa” haƙƙin wanda aka zalunta ne, sai dai ba ta hana shi tashi ya bi kadinsa. Yayata, ɗan'uwana, duk ranar da kuka ga kayanku a shagon wani, kada ku fara da zagi a bainar jama'a, domin zai goge ya ce ƙazafi ne. Ku fara tara hujja: ku ɗauki hoton shafinsa da adireshinsa da kwanan wata, ku adana ainihin hotunanku da ke ɗauke da ranar da aka ɗauke su. Rumbun Wayback Machine yakan ajiye tsohon kamannin shafuka, yana iya nuna wanda ya riga wallafawa. Google Lens zai nuna muku sauran wuraren da hotonku ya je.

Daga nan ku rubuta masa saƙo cikin ladabi, ku ba shi wa'adi ya sauke. In ya ƙi, Facebook da Instagram suna da fom na kai ƙorafin satar fasaha, Google na karɓar irinsa a ƙarƙashin dokar DMCA ta Amurka ta 1998, kuma dokarmu ta 2022 ta ba mai haƙƙi damar aika takarda ga kamfanin da ke ɗauke da shafin domin ya sauke kayan sata. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya na karɓar koke, Babbar Kotun Tarayya kuma ita ke sauraron irin wannan ƙara. Ku sani doka ba ta hana kowa sayar da turare ko ɗinka hula ba, hotonku da kalamanku take karewa. Don haka ku riƙa sa sunanku a tsakiyar hoto inda almakashi ba ya kaiwa, ku nuna hannunku yana aiki a bidiyo, ku yi rajistar tambarinku.

Ku kuma masu saye, kafin ku tura kuɗi ku nemi a nuna muku kayan a bidiyo kai tsaye. In kun gane hoton wata a shagon wani, ku sanar da ita, ku kuma kame kuɗinku. Mai cin gumin wani ɓarawo ne ko da waya ya yi satar, kuma ranar da muka daina saye a hannunsa, ranar zai rufe shago.