Kowa Ya Mutu, Ban da Mai Kallo

A bakin layinmu akwai shagon wani mai tura finafinai a waya. Benci biyu gare shi da talabijin ɗaya, kuma duk daren da aka kawo wuta sai an tashi duniya a wurin. Yau annoba ce ta share mutane, gobe bam, jibi ruwa ya cinye ƙasa. Finafinan ƙarshen duniya muke ce musu, ko da yake abin da suke nunawa shi ne bayan an gama ƙarewar: 'yan tsirarun da suka saura, da yadda za su raba gwangwanin wake guda ba tare da an yi kisa ba. Na daɗe ina ɗumama bencin nan, har na gane cewa fim ɗaya ake sakawa, amma kowa da wanda yake kallo.

Wanda ya fi kowa murya shi ne Malam Da-ni-ne. Ba a minti biyar bai gyara wa jarumi kuskure ba. "Da ni ne, ta taga zan bi." "Da ni ne, tun ranar farko na tara man fetur." Ya san inda zai ɓuya, ya san makamin da zai riƙe, har ya zaɓi waɗanda zai ɗauka cikin 'yan majalisa da waɗanda zai bari. Ranar da aka saka Waterworld, fim ɗin Kevin Costner na 1995 wanda ruwa ya rufe duniya har ƙasa ta zama abin saye da awo, ya rantse zai iya shekara a kan teku. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Mutumin nan dai ko kududdufin damina sai yara sun jera masa duwatsu yake tsallakewa, kuma in cajin wayarsa ya sauko kashi biyar, hankalinsa tashi yake kamar an aiko masa da sammaci.

Kusa da shi bakanike ne, da baƙin mai a farce. Shi ba ruwansa da wanda ya mutu, motoci ya zo kallo. Mad Max ne nasa, duk jerin, tun daga na farko da George Miller ya yi a Ostareliya a 1979. Na biyun, na 1981, ya fi so, domin duk rikicin a kan fetur ne: wata 'yar matatar mai a tsakiyar hamada, 'yan daba sun kewaye ta. A ƙarshe aka yi ta kashe juna a kan tankar mai, da ta kife sai ga yashi yana zuba daga cikinta. Bakanike ya tashi tsaye yana tafi, ya ce ko 'yan bumburutu ba su taɓa algus irin wannan ba. Amma Fury Road na 2015 ya ɓata masa rai. Ya ce ta yaya mutanen da ke kukan rashin mai za su ɗaure makaɗi a gaban mota, jitarsa tana feshin wuta? Kuma tayoyin nan, wa yake musu faci? Fetur ma in ya daɗe a ajiye lalacewa yake yi, shi ya sani, domin ya sha wanke kafiretar janareton da aka bari da tsohon mai. Na gaya masa fim ɗin ya ci Oska shida, kuma a hamadar Namibiya aka ɗauke shi saboda ruwan sama ya sa dajin Ostareliya da aka tanada ya yi kore shar. Ya ce ko Oska sittin ne, injin da ya shaƙi wannan ƙura ba zai kai la'asar ba.

Akwai Ustazu, wanda ba ya zama. A bakin ƙofa yake tsayawa, ƙafa ɗaya a waje, wai caji ya zo karɓa. Yakan ce duk wannan shirme ne, ranar da za a tashi duniya ba wanda zai saura yana yawo da babur. Gaskiyarsa ce. Sai dai cajin nan ba ya cika sai fim ya ƙare. Da aka saka The Book of Eli na 2010, inda Denzel Washington ya shekara talatin yana tafiya yamma da kwafin Baibul na ƙarshe, aka ƙwace littafin sai aka tarar da rubutun makafi ne, shi kuma ya riga ya haddace shi ya zauna yana karantowa ana rubutawa, duk shagon ya yi tsit don mamaki. Ustazu ya ce, "Wannan ne abin mamakin? Ku zo tsangayar bayan gidanmu." Ya zare cajarsa ya tafi, da alamar ya ji daɗi.

Mai shagon kansa abu ɗaya ya ɗauka daga wannan fim: akwai inda jarumin ya shiga wani shago ya ba da kaya a yi masa cajin na'urar sauraron waƙarsa. Tun daga ranar yake cewa sana'arsa ta fi ta gwamna tabbas.

Sai mai kukan kare. A I Am Legend na 2007 an nuna masa birnin New York fayau, ciyawa ta fasa kwalta, barewa na gudu tsakanin motoci, miliyoyin mutane sun mutu ko sun rikiɗe. Bai ko ƙifta ido ba, gyaɗa yake ci. Amma da karyar Will Smith ta kamu da cutar har ya shaƙe ta da hannunsa, sai muka ji ana jan hanci a bayanmu. Wai hayaƙin maganin sauro ne. Wannan bawan Allah kuwa, in ya hangi kare a layi, tun daga nesa yake neman dutse.

Mai sharhi kuma ya riga ya kalli komai, kuma ba zai iya riƙe shi a ciki ba. "Ku lura da ƙusar nan, za ta taka." Ƙaddara ta sa A Quiet Place na 2018 ne ya fi so, fim ɗin da dodanni ke farauta da sauti, iyali suna tafiya ba takalmi a kan yashin da suka shimfiɗa, suna magana da hannu. Tun daga farko har ƙarshe bakinsa bai rufu ba. Majalisa ta yanke hukunci baki ɗaya cewa in abin ya zo, shi za a fara ci. Wani ya ƙara da cewa unguwar tamu ma, da turmi da zakara da injin markaɗe, ba za ta ga hantsi ba.

Baba mai gadi yakan leƙo da tocilansa. An taɓa yi masa bayanin Fury Road: wani azzalumi ya riƙe ruwa, sai ya ga dama yake buɗewa na ɗan lokaci, jama'a su ruga da robobi, ya rufe. Baba ya jira a ci gaba. Aka ce ai shi ke nan, ba wuta, ba ruwa, ba mai. Ya ce, "To yaushe duniyar za ta ƙare?" Ya ce abin da Turawan nan suke kashe miliyoyi su tsorata kansu da shi, famfon unguwarmu kyauta yake nuna shi.

Amma wanda na fi yarda da sonsa ga finafinan nan shi ne mai bashi. Shi shiru yake kallo, da wani murmushi. Titi ba cunkoso, kanti a buɗe ba mai tsaro, banki ya zama gidan jemagu, mai gidan haya ya bi sahun sauran. Abu ɗaya ne ya taɓa fusata shi: ganin Will Smith, shi kaɗai a gari, yana mayar da faifan fim shagon da ya aro. Ya ce wannan ba jarumi ba ne, asararre ne. Ina jin duk wanda ke bencin nan yana da ɗigon wannan murmushi a ransa. An ce mutum dubu sun mutu ɗaya ya tsira, kuma ban taɓa jin wanda ya lissafa kansa cikin dubun ba.

Ni nawa zaɓin The Road ne na 2009, uba da ɗansa suna tura keken kanti cikin toka da sanyi, ba tseren mota ba kiɗa. Sau ɗaya na roƙa aka saka, kafin rabi bencin ya watse, mai shago ya ce kada in sake kore masa kasuwa. Da Malam Da-ni-ne yake rabon muƙamai a sansaninsa, bakanike ya samu, Baba mai gadi ya samu, mai sharhi ma an ce za a riƙa ajiye shi nesa don ya janye dodanni. Ya zo kaina ya dubi tabarauna, ya tambayi me na iya. Na ce rubutu. Ya ce za su tuna da ni.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Kowa ya kunna fitilar wayarsa yana laluben takalmi, mai shago ya jawo littafin bashi, muka duba gefen benci, mai murmushin nan ya riga ya tsira.